Alƙalin da bai karɓi ko sisi ba, me ke karkata hukuncinsa?

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa kotu a Katsina ya san tambayar da ake fara yi idan an dawo gida. Kafin a tambayi shaidu nawa aka kawo ko me doka ta tanada, sai a ce, "Gaban wa aka kai maganar?" In aka ambaci wani alƙali sai ka ji an yi ajiyar zuciya, in aka ambaci wani sai a ce to, sai addu'a. Dokar ɗaya ce, littattafan da suke dubawa ɗaya ne, amma jama'a sun daɗe da gane cewa wanda ke kan kujerar yana da nasa kaso a cikin abin da zai fito. Shi ya sa ake cewa shari'a mace ce da ciki.

Abin da ya dame ni shi ne inda hirar tamu take tsayawa. Da an ce hukunci ya karkace, fassara ɗaya muke da ita: an toshe masa baki. Cin hanci akwai shi, kuma babban laifi ne wanda bai da uzuri. Sai dai ko da za a wayi gari babu alƙali ɗaya mai karɓar ko sisi daga Jibiya har Funtuwa, hukunce-hukunce ba za su daina saɓawa ba a kan laifi iri ɗaya. Mutumin kirki ma yana jin yunwa, yana fushi, yana da dangi, yana tsoron hanya, yana da wanda yake jin nauyi. Yadda waɗannan abubuwa suke kutsawa cikin hukunci, sau da yawa ba da sanin mai hukuncin ba, shi ne fagen da masana suka shafe kusan shekara ɗari suna tono.

Tun a 1930 wani lauya a Amurka mai suna Jerome Frank, wanda daga baya ya zama alƙali, ya ce alƙalai sukan fara jin inda ransu ya karkata, sa'annan su nemo wa hukuncin hujja a littafi. Magana ce kawai a lokacin, ba ta da lissafi a bayanta. Lissafin ya zo daga baya. A 1974 aka ba alƙalai 50 na kotunan tarayyar Amurka takardun shari'o'i iri ɗaya, aka ce kowa ya yanke hukunci shi kaɗai. A wata shari'ar karɓar kuɗi da barazana, wani ya yanke ɗaurin shekara 20 da tarar dala 65,000, wani ya yanke shekara 3 ba tara. A 2007 kuma wani bincike kan masu neman mafaka ya nuna cewa 'yan ƙasar Kolambiya da ke zuwa kotun shige da fice ta birnin Miami, in suka faɗa hannun wani alƙali kashi 5 cikin ɗari ne suke dacewa, in suka faɗa hannun wani a cikin ginin guda, kashi 88 ne.

Wahalar wannan bincike ita ce shari'a ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma mu a nan muna da misalin da ya nuna haka ƙarara. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa. A watan Agusta babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar. Ran 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin, alƙalai huɗu suka amince, ɗaya ya saɓa. Hujjojin da kotun ta kafa na fiƙihu ne da na doka: alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali dokar jiha ta ce da mambobi biyu zai zauna, tana da haƙƙin janye iƙirarinta, kuma a mazhabar Malikiyya ciki yana iya kwanciya har shekara biyar bayan rabuwar aure. Amma a lokacin idon duniya duk yana kan Katsina. Har yau akwai masu cewa matsin lambar ƙasashen waje ce ta yi aiki a kotun ƙarshe, akwai kuma masu cewa zumuɗin farkon dawowar shari'a a 2000 ne ya yi aiki a kotunan farko. Kowane ɓangare yana iya riƙe ra'ayinsa har abada, domin ba za a iya maimaita shari'ar ba tare da 'yan jarida ba a ga abin da zai fito.

Saboda haka masu bincike suke bin wasu hanyoyi. Ko su tara dubban hukunce-hukunce daga kotun da ake raba ƙararraki ba zaɓe, yadda bambancin da ya fito ba za a ɗora shi a kan ƙararrakin ba sai a kan alƙalan. Ko su ba alƙalai da yawa labarin shari'a guda, su canza ƙaramin abu ɗaya da bai shafi doka ba. Ko su duba wani abu da ya faru a waje, wanda ba ruwansa da mai ƙara ko wanda ake ƙara, su ga ko ya motsa hukunci.

Binciken da ya fi shahara shi ne na 2011 a Isra'ila, wanda Shai Danziger da abokan aikinsa biyu suka yi. Sun duba hukunci 1,112 na alƙalai takwas masu sauraron fursunonin da ke neman a sake su kafin wa'adi. Ana tsayawa sau biyu a yini don cin abinci. Suka ga da an fara zama, kusan kashi 65 cikin ɗari na masu roƙo suna dacewa, sai adadin ya yi ta sauka har ya kusa kai babu dab da hutu, da an ci abinci an dawo sai ya koma 65. Labarin ya zagaye duniya. Amma ba a jima ba wasu masana da suka san yadda zaman yake suka nuna cewa jerin ba haka kawai ake yinsa ba: fursunonin da ba su da lauya su ake bari ƙarshen kowane zama, kuma su dama ba kasafai suke dacewa ba. A 2016 Andreas Glöckner ya ƙara da cewa sakin fursuna ya fi cin lokaci a kan hana shi, don haka alƙalin da ya ga hutu ya gabato ba zai ɗauko doguwar magana ba. Wannan kaɗai yana iya haifar da wani ɓangare na saukar da aka gani. Ina kawo wannan ne domin a ga cewa shi kansa binciken sai an yi masa shari'a. Kuma in ka lura, gyaran da aka yi masa bai wanke kotun ba, ya dai nuna cewa matsalar marar lauya ta fi ta yunwar alƙali girma.

Mu musulmi ba mu jira wannan kafin mu san halin jikin alƙali yana taɓa hukuncinsa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai hukunci ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Malamai ba su tsaya a kan fushi ba, suka yi ƙiyasi da yunwa mai tsanani da ƙishirwa da gyangyaɗi da baƙin ciki. Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya wanda ake karantawa a zaurukan Katsina tun zamanin da irin su Ɗan Takum suke alƙalancin garin nan a ƙarni na 16, ya dunƙule maganar cewa kada alƙali ya yi hukunci tare da duk abin da zai ɗauke masa tunani. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ma ta gargaɗe shi da ƙosawa da gundura da masu husuma. To ka ɗauki wannan ka ajiye shi kusa da ɗakin kotu a watan Afrilu, ba wuta, fanka a tsaye, jerin ƙararraki ya cika shafi, alƙali yana rubuta bayanin kowane shaida da hannunsa tun hantsi. Wanda aka kira dab da azahar ba irin kunnen da wanda aka kira da safe ya samu zai samu ba, ko da alƙalin waliyyi ne.

Akwai wani sakamako da ya kamata ya ja hankalinmu fiye da na Isra'ila. A 2023 Sultan Mehmood da Avner Seror da Daniel Chen suka wallafa bincike a kan kotunan Pakistan da Indiya, suka duba abin da azumin Ramadan yake yi wa hukunci. In da yunwa kaɗai ke aiki, da alƙali mai azumi ya fi tsanani. Akasin haka suka samu: alƙalai musulmi sun fi sallamar waɗanda ake tuhuma idan sa'o'in azumi suka yi tsawo, kuma waɗannan hukunce-hukuncen ba a cika soke su a kotun gaba ba. Wato yunwar da mutum ya ɗauka don Allah, tare da tuna hisabi, ba aiki ɗaya take yi da yunwar wanda aka hana shi tashi ba. Amma kada daɗin labarin ya rufe mana ido. In wanda aka kawo a Ramadan ya fi samun natsuwar alƙali, ai an tauye wanda aka kawo a Shawwal.

Abin da ya fi ba ni tsoro a cikin binciken nan duka shi ne ƙarfin adadin da aka fara ji. A 2006 Birte Englich da Thomas Mussweiler da Fritz Strack suka ba wasu masana shari'a a Jamus labarin wata mata da aka sha kamawa da sata a kanti. Aka ce kowa ya jefa 'ya'yan ludo biyu, ya ɗauki abin da ya fito a matsayin watannin da mai gabatar da ƙara ya nema. An riga an shirya su yadda 3 ko 9 kawai za su bayar. Da hannunsu suka jefa, sun san sa'a ce kawai. Duk da haka waɗanda suka samu 9 suka yanke kimanin wata takwas, waɗanda suka samu 3 kimanin wata biyar. Yanzu ka tuna shari'ar hul'i, inda miji zai buɗe baki ya ce sai an biya shi miliyan biyu kafin ya saki. Alƙali ya san an wuce gona da iri, zai rage. Amma daga ina ya fara ragewa? Haka manomin da shanu suka yi wa ɓarna idan ya fara faɗin buhu nawa ya yi asara, haka ɗan sanda mai gabatar da ƙara idan ya fara zayyana laifin kafin wanda ake tuhuma ya ce uffan. Umarnin da aka yi wa Sayyidina Ali lokacin da aka tura shi Yaman, cewa kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko, yana da wahalar cikawa fiye da yadda muke zato, domin maganar farko ta riga ta samu wurin zama.

Fushin da bai shafi shari'ar ba ma an auna shi. A jihar Louisiana ta Amurka, Ozkan Eren da Naci Mocan sun duba kotunan yara daga 1996 zuwa 2012, suka ga idan ƙungiyar ƙwallon babbar jami'ar jihar ta sha kaye ba zato, hukuncin makon da ya biyo yakan yi tsawo, musamman a hannun alƙalan da suka yi karatu a jami'ar, kuma yara baƙar fata ne suka fi ɗaukar nauyin.

Daga nan maganar take zuwa inda ya fi mana zafi a jihar nan. Moses Shayo da Asaf Zussman sun duba ƙananan kotunan bashi a Isra'ila tsakanin 2000 da 2004, inda akwai alƙalai Larabawa da Yahudawa kuma ba a zaɓar wanda ƙara za ta je wa. Suka ga mai ƙara ya fi samun nasara da kimanin kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari idan ƙabilarsu ɗaya da alƙali, kuma son kan yana ƙaruwa a kotunan da aka kai hare-hare kusa da su a shekarar da ta gabata. Shari'o'in na bashi ne da haɗarin mota, ba ruwansu da harin. Duk wanda ya san abin da mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari suka sha a hannun 'yan bindiga zai gane dalilin da ya sa nake jinjina wannan. Idan aka kawo makiyayi gaban alƙali a kan ɓarnar gona mako ɗaya bayan an kai hari ƙauyen da alƙalin yake da dangi, mutumin ya shigo da kayan da ba shi ya ɗaura ba. Haka kuma alƙalin da ya san zai bi wannan hanyar ya koma gida da yamma yana iya sassauta wa wanda bai cancanta ba saboda tsoro. Duk biyun zalunci ne, kuma babu kuɗin da ya shiga aljihun kowa.

Sai kamun ƙafa, wanda mu muka fi kowa saninsa. Katsina da Daura garuruwa ne da kowa ɗan'uwan kowa ne. Alƙali yana salla a masallacin unguwa, yana zuwa ɗaurin aure, yana zaman makoki. Da dare aminin mahaifinsa zai kira shi ya ce, "Ɗana, yaron nan da ke gabanka jikan Alhaji ne, a duba don Allah." Tarbiyyarsa ba za ta bar shi ya ce komai ba sai "To Baba, Allah ya ƙara girma." Ko bai yi niyyar yin komai ba, gobe idan yaron ya tsaya a gabansa ba baƙo ba ne kuma, abokin shari'arsa shi ne baƙo. Usama bin Zaid, wanda Annabi yake ƙauna, shi Ƙuraishawa suka tura ya yi ceton matar Banu Mahzum da ta yi sata, kuma mun san irin ɓacin ran da aka nuna masa. Halil ya bi wannan da ƙa'idoji masu tsauri: kada alƙali ya karɓi kyauta sai daga makusancinsa na jini, kada ya halarci walima sai ta aure, kada ya yi ciniki a majalisar hukuncinsa. Ya kuma so a naɗa mawadaci wanda ba a binsa bashi, wanda ba shi da miyagun 'yan fada.

Wannan sharaɗi na rashin bashi shi ya kai mu ga tambayar wa ke ciyar da alƙali. A zamanin En'e kotunan alƙalai suna ƙarƙashin sarakuna, kuma 'yan NEPU sun ɗanɗana abin da hakan yake nufi, har zuwa 1968 da aka mayar da kotunan hannun gwamnatocin jihohi. Uban gida ya canza, dogaron bai tafi ba. A 2021 ma'aikatan kotuna na ƙungiyar JUSUN suka rufe kotunan ƙasar nan kusan wata biyu a kan a bar ɓangaren shari'a ya riƙe kuɗinsa. A Agustan 2024 aka sa hannu a dokar da ta ƙara albashin alƙalan manyan kotuna da kashi 300 cikin ɗari bayan fiye da shekara 15 ba a taɓa shi ba. Amma majistare da alƙalin kotun shari'a ta ƙasa, waɗanda su talaka yake gani, albashinsu da ƙarin girmansu da canjin wurin aikinsu suna hannun jiha. Mutumin da ya san ana iya ɗauke shi daga birni a jefa shi inda ba ya so ba ya bukatar a kira shi a waya. Shi da kansa zai hango abin da ake so.

Ba duk abin da ke wajen nassin doka ne sharri ba, kuma ba na goyon bayan masu son a mayar da alƙali na'ura. Amurka ta gwada ɗaure hannun alƙalai da jadawalin hukunci bayan dokar 1984, aka yi ta kukan rashin tausayi, har a 2005 Kotun Ƙolinsu ta mayar da jadawalin shawara. Alƙalin da ya san al'adar gari, ya san bambancin wanda ya saci kwanon gero a tsakiyar damina da wanda ya mayar da sata sana'a, ya fi wanda bai sani ba. Ma'aunin da nake gani mai sauƙi ne: shin alƙalin zai iya rubuta dalilin a cikin hukuncinsa ya sa hannu? Zai iya rubuta cewa ya sassauta domin laifin farko ne kuma mutumin yana da iyali. Ba zai iya rubuta cewa ya tsananta domin ya gaji, ko domin mutumin bai iya magana ba, ko domin abokin shari'arsa ya zo da babbar riga ana ta ce masa ranka ya daɗe. Annabi da kansa, a hadisin Ummu Salama, ya ce shi mutum ne, kuma mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja ya yanke masa bisa abin da ya ji. In haka ta kasance a wannan majalisa, babu alƙalin da ya kamata ya ji an ci masa fuska don an ce a duba aikinsa.

Gyare-gyaren da suka fi amfani ba su da tsada. A raba ƙararraki da ƙuri'a ko bisa lambar shigowa, kada ya zama wani ma'aikaci ne yake zaɓar inda kowace za ta je. A daina barin marasa lauya zuwa ƙarshen zama. A sa lokacin hutu tsayayye, a kuma rage yawan abin da ake jerawa a yini. A shari'ar diyya da hul'i, alƙali ya fara tsayar da ma'auninsa, sadakin da aka biya ko ƙiyasin masana gona, kafin ya saurari abin da ɓangarorin suke nema. A tilasta rubuta dalilin kowane sharaɗin beli, domin galibin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne, kuma da yawansu sharaɗin da aka gindaya cikin minti biyu ne ya zaunar da su.

Amma duk binciken da na ambata na wasu ƙasashe ne, kuma abin da ya tabbata a Jamus ba dole ya tabbata a Malumfashi ba. Namu muke bukata, kayan aikin kuma suna nan jibge a ofisoshin rajistara. Ɗalibin shari'a a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya ɗaukar laifi ɗaya, a ce ƙaramar sata, ya bi littattafan kotuna biyar na shekara uku a Katsina da Daura da Dutsin-Ma. Ya rubuta darajar abin da aka sata, ko laifin farko ne, ko akwai lauya, wane wata ne, na nawa ne a jerin ranar, sharaɗin belin da aka sa da hukuncin da aka yanke, ba tare da sunan kowa ba. Abin da aikin yake bukata shi ne izinin Babban Jojin jiha da na Girandi Kadi a buɗe littattafan, da kuma a umurci magatakardan kotuna su riƙa rubuta ƙarfe nawa aka kira kowace ƙara.